Yadda ake kai yara bakin teku a dawo da su lafiya

Daga Maraɗi zuwa teku mafi kusa tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota, amma nisan bai hana ƴaƴanmu isa bakinsa ba. Fataken garin nan sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin Kwatano da Lome da Legas, wasu ma sun yi gida can, kuma idan aka yi babban hutun makaranta daga Yuli zuwa Satumba, iyalai da yawa kan bi Alhaji su ga dangi. Duk yaron da ya je kuwa sai ya ce a kai shi ya ga teku. Babu laifi a kai shi. Matsalar ita ce ruwan da muka sani a nan, na gulbi da na tafki da na kududdufi, ba halinsu ɗaya da teku ba, kuma yawancin iyayen da za su tsare yaran su ma baƙi ne a wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Bayan nutsewa akwai karaya, ƙuna, yanka da ruftawar yashi. Ga yadda za a tsara ranar, tun daga masauki har a dawo.

Mataki na farko: tun a masauki, a duba kowane yaro da larurarsa

Ba duka yara ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Ɗan shekara 1 zuwa 4 shi ne kan gaba, don ƙafarsa ta yi ƙwari amma hankalinsa bai kai ba, kuma kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya kifa da fuska ba ya iya tashi da sauri. Bayansa sai samarin da suka fara tasawa, musamman waɗanda suka iya iyo a tafkin Madarunfa ko a gulbi. Waɗannan su na fi ji wa tsoro, domin sun san ruwa daidai gwargwadon da zai sa su raina shi.

Yaro mai farfaɗiya ya sha maganinsa kafin a fita, kuma ko a ruwa iya idon sawu kada a saki hannunsa. Mai sikila, sanyin ruwa da ƙishirwa da gajiya duk suna tayar masa da ciwon, don haka a riƙa ba shi ruwan sha ba sai ya nema ba, in ya jiƙe a goge masa jiki a canza masa tufa nan take. Zabiya tana buƙatar riga mai dogon hannu, malafa, tabarau da man kare rana mai lamba 50, a sake shafawa duk bayan awa 2. Jaririn da bai cika wata 6 ba, inuwa ce wurinsa daga zuwa har tashi.

Sai maganar tufafi, wadda ta shafi ƴan matanmu sosai. Dogon hijabi da zane da abaya in sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafafu, hijabin kuma ruwa kan juyo shi ya rufe fuska. Ba sai an bar sutura ba: dogon wando mai kama idon sawu, riga mai dogon hannu wadda ba ta wuce gwiwa ba, da ɗan ƙaramin hijabi da za a cusa cikin wuyan riga sun wadatar. Maza ma a bar jallabiya a gida. A zaɓi launi mai kama ido daga nesa, ruwan lemo ko rawaya ko ja. Shuɗi da fari da toka ɓacewa suke yi cikin kumfa.

A rubuta lambar wayar uba ko uwa a damtsen kowane ƙaramin yaro da biro, a ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa a ranar. Yaron da Hausa kawai yake ji, in ya ɓata cikin masu jin Fon ko Mina ko Yarbanci, ba zai iya faɗin inda ya fito ba. A jaka a sa ruwan sha mai yawa, sabulu, bandeji, ɗan hantsaki, takalman roba da igiya doguwa. A wayar kuma a adana lambar ƴan kwana-kwana, 118 a Benin da Togo, 112 a Najeriya.

Mataki na biyu: zaɓen wuri da lokaci

Gabar da ta taso daga Lome ta bi Grand-Popo da Ouidah da Kwatano har Legas yashi ne mai gangara, ruwan kuma na Atlantika ne kai tsaye, ba wani tsibiri da ya tare shi. Raƙuman ruwan da ke bugun ta sun fi girma a watannin damina, wato daidai lokacin hutun yaranmu. Wanda ya ga teku a kwance a watan Janairu kada ya ɗauka haka zai tarar da shi a Agusta.

Wurare uku ne ba a kai yara kusa da ruwansu ko da ya yi lumui. Na ɗaya inda kogi ko tafki ke shiga teku, kamar mashigar da ta raba Kwatano biyu inda tafkin Nokoué ke fita, ko Bouche du Roy inda kogin Mono ke ƙarewa. Na biyu gefen duwatsun da aka jera suka miƙe cikin ruwa don hana zaizaya, irin na gabashin Kwatano ta wajen Akpakpa. Ruwa na bin jikinsu ya koma ciki da ƙarfi, duwatsun kuma santsi ne da su. Na uku inda masunta ke shigowa da jiragensu.

In akwai wurin da ke da masu ceto a bakin aiki, can za a je ko da za a biya kuɗin shiga. Jar tuta na nufin ba shiga. Sai dai galibin gabar nan ba tuta ba mai gadi, don haka a nemi wani dattijo cikin masunta ko mai sayar da kwakwa a tambaye shi ina ruwa ke ja yau. Matambayi ba ya ɓata, kuma su ne suka san inda aka tsamo na jiya.

Teku na cika ya janye kusan sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa kimanin awa 6, kuma kullum lokacin na jinkirta da wajen minti 50. Mu masu lissafi da wata abin ya zo mana da sauƙi: cikar ta fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da kuma 14 da 15 ga wata. Inda aka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar. A dubi layin da ruwa ya bar shara da ciyayi a kan yashi, a zauna can bayansa. Game da rana, safiya kafin ƙarfe 10 ko yamma bayan ƙarfe 4 sun fi, amma a tashi kafin magariba. Da duhu ya fara, ba mai ganin kan yaro a cikin ruwa.

Mataki na uku: a tsaya a karanta ruwan kafin kowa ya cire takalmi

Da an iso, yara za su so su ruga. A hana su. A tsaya a tudu minti 10 ana kallo, a bar su su ma su kalla, don wannan darasin shi ne zai zauna musu.

Abu na farko da za a lura shi ne raƙuman ba girmansu ɗaya ba. Ƙanana za su yi ta zuwa, can sai manya uku ko huɗu su biyo jere, ɗaya ya haura yashi fiye da duk na baya. Wannan shi ke kwashe yaron da ke zaune yana gina ɗaki a inda iyayensa suka ɗauka ruwa ba ya kaiwa. Abu na biyu, a irin wannan gaba mai gangara raƙumin ba ya fashewa can nesa ya iso a gajiye, a kan yashin yake tashi ya faɗo gaba ɗaya. Yana ɗaga yaro ya buga shi da ƙasa, daga nan ake samun karayar allon kafaɗa, gocewar kafaɗa, wani lokaci har karayar wuya. In ruwan zai koma kuma sai ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa. Ruwan da ya tsaya wa babba a gwiwa, a ƙirji yake ga ɗan shekara 3.

Abu na uku shi ne wanda ya fi cin mutane, kuma ya fi yaudarar baƙo. Duk ruwan da raƙuma suka turo bakin gaba dole ya koma, sai ya nemi wani kwararo tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi ya bi da gudu zuwa ciki. Kwararon nan yawanci faɗinsa bai wuce mita 25 ba, amma gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wanda ko gwanin iyo ba ya iya cin gabansa. Alamarsa: wuri ne da raƙuma ke fashewa dama da hagu, shi kuwa tsakiya ya yi shiru, ruwansa ya fi duhu, ko ya yi jajaja da yashi, kumfa da ledoji na tafiya ciki maimakon su zo waje. Uwa mai hankali in ta duba, nan ne za ta ga ya fi kwanciya, ta ce wa yaran su yi wasa a nan. Shi ya sa nake nanata shi. A nuna wa manyan yaran da yatsa, a ce su ma su nemo wani. Kwararon kan canza wuri in ruwa ya cika ko ya janye, don haka a sake dubawa bayan awa ɗaya ko biyu.

Mataki na huɗu: a raba aikin tsaro da baki, ba a zuci ba

Nan ne ginshiƙin komai. Mun saba da cewa yaro na kowa ne, a unguwa kuwa hakan na aiki. A bakin ruwa shi ne ke kashe yara. Manya goma na zaune a tabarma, kowa ya ɗauka wani na kallo, alhali Hajiya na zuba abinci, Alhaji na waya da Maraɗi kan kayan da ba su iso ba, ƴan mata na ɗaukar hoto.

Kuma nutsewa ba ta da ƙara. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, domin duk lokacin da bakinsa ya fito numfashi yake nema. Za a gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a karkace baya, baki daidai saman ruwa, hannuwa na danna ruwa a gefe, ko gashi ya rufe fuska bai share ba. Wannan halin daƙiƙa 20 zuwa 60 yake ɗauka, ƙaramin yaro ma bai kai haka ba. Daga nan in ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska, ta fara lalacewa. Amsa waya ɗaya ta fi wannan tsawo.

To ga tsarin. A naɗa babba ɗaya mai gadi, a ba shi wata alama da kowa ke gani, hula ko gyale mai launi. Muddin alamar na jikinsa, ba waya, ba ci, ba hira, ba ya zama. Yana tsaye tsakanin yaran da ruwa ko daf da su, yana ƙirga kawuna a kai a kai. Bayan minti 15 ko 20 ido kan gaji, sai ya miƙa wa wani, kuma miƙawar da baki za a yi:

"Hajiya, ga yara huɗu na ba ki, zan yi salla."

"Na karɓa, Alhaji, huɗu ne."

In ba a ji "na karɓa" ba, aiki na hannun na farko. Lokacin salla a yi ta kashi biyu, ko a fito da yaran duka daga yashin da ya jiƙe a zaunar da su bayan sahu tare da mai gadi. Lokacin cin abinci da lokacin naɗe kaya ma haka, don a nan ne hankalin kowa ke rabuwa, ƙaramin kuma ya tuna ya bar bokitinsa a bakin ruwa.

Ɗan ƙasa da shekara 5, da duk wanda bai iya iyo ba, yana inda hannun babba zai kai gare shi ba tare da an yi taku ba. Babba ɗaya kada ya riƙe irin waɗannan fiye da biyu. Hannu biyu gare shi. Kada kuma a ɗora wa yarinya ƴar shekara 10 ko 12 wannan nauyi don ita ke rainon ƙannenta a gida. In ƙanenta ya faɗa, bin sa za ta yi, a rasa biyu. Ƴar aiki ma, in ita kanta yau ta fara ganin teku, ba adalci ba ne a bar mata yara a koma inuwa.

Mataki na biyar: dokokin da za a gaya wa yara

A taƙaita su, a sa su maimaita. Ba a juya wa teku baya, ko don hoto. Ba a wuce idon sawu sai da hannun babba, manyan ma ba sa wuce gwiwa. Ba a yin alkafura ko tsunduma da ka. Ba a tura juna, ba a wasan ihun ƙarya. Abin da ruwa ya ɗauka, ƙwallo ne ko silifa, ya tafi ke nan, Baba zai sayi wani. Wannan ta ƙarshe a faɗe ta da gaske, domin yaro kan bi takalminsa cikin ruwa ne don tsoron faɗan da za a yi masa a gida.

Robar cikin taya da balan-balan ɗin da ake hurawa a sa a hannu ba kayan ceto ba ne. Suna sa yaro ya shiga inda ba zai shiga ba, raƙumi ya kife shi, ko iska ta tafi da shi. Da hunturu iskar daga tudu take busawa zuwa cikin teku. Rigar ceto ta gaskiya mai maɗauri a ƙirji da tsakanin ƙafafu ita ce abin dogaro, a gwada ta ta hanyar ɗaga yaron da kafaɗun rigar: in ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa. Ita ce kuma ya kamata a sa masa a duk kwale-kwalen da za a shiga, har da na tsallaka Kwara tsakanin Gaya da Malanville, wanda matafiya suka koma bi bayan rufe gadar a 2023.

Mataki na shida: haɗarin da ke kan busasshen yashi

Wasu iyayen da sun hana yaro ruwa sai su saki jiki. Rami shi ne abin da ba a zata. Yara na son haƙa rami mai zurfi ko kogo, ko su binne ɗan'uwansu har wuya. Yashin bakin teku ba ya riƙe kansa, da ya bushe sai ya zube, kuma mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi na yashi ya fi kilo 1,500. In ya rufta kan ƙirjin yaro ba zai iya numfashi ba, masu tono kuma suna tonowa yana komawa. Mutanen jihar nan ba sa buƙatar dogon bayani kan ruftawar rami tun abin da ya faru a mahaƙar zinariya ta yankin Ɗan Isa a Nuwamban 2021. Ƙa'idar ita ce rami kada ya wuce gwiwar mafi ƙanƙanta cikin yaran, ba kogo, ba binne kowa sama da ƙugu, kuma a cike shi kafin a tashi don ɗan wani.

Takalmi ya zauna a ƙafa. Yashin tsakar rana na ƙona tafin ƙafar ƙaramin yaro har ya yi bororo, kuma shi ba ya sanin ya gudu inuwa, tsayawa yake yana kuka. Cikin yashin akwai fasassun kwalabe, gwangwani, ƙugiyar kamun kifi, da garwashin masu gasa kifi da aka rufe da yashi, wanda kan kwana da zafinsa. Kada a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai ƴaƴa.

In masunta na jan koma, abin kallo ne, amma daga nesa. Igiyar a ɗaure take tamau, tana iya fizgewa ko ta harɗe ƙafa. Jirgin da ke shigowa raƙumi ne ke tura shi, ba mai iya tsayar da shi. Dawakan haya da babura masu ƙafa huɗu da ake yawo da su a wasu wuraren na bi ta tsakiyar mutane. Ɗan Maraɗi ba baƙon doki ba ne, amma dokin hawan salla da ubangijinsa ke riƙe daban yake da wanda ya yini yana ɗaukar baƙi cikin rana. In za a hau, mai dokin ya riƙe linzami, a tafi a hankali, nesa da ruwa.

Iskar teku na ɓoye zafi, yaro na zufa bai sani ba. A ba shi ruwa duk rabin awa. In ya yi laushi, kansa na ciwo, yana jin amai, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko ya suma, asibiti kai tsaye ana ci gaba da sanyaya shi a hanya.

Mataki na bakwai: in abin ya faru

In an nemi yaro an rasa, ruwa za a fara dubawa, sannan ramuka, sannan wajen masu sayar da alawa.

In ruwa ya ja shi, a yi kururuwa a kira masunta da masu ceto, mutum ɗaya ya tsaya yana nuna inda yake da hannu ba ya ɗauke ido, wani ya buga waya. A jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa: jarka marar komai da murfinta a rufe, kula ta ruwan sanyi, ƙwallo. Uban da bai iya iyo a teku ba kada ya faɗa. Na san faɗar wannan ya fi yin sa sauƙi, amma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ake rasawa. Wanda ya iya ma ya tafi da abin da zai riƙe su su biyu. Manyan yara a koya musu tun a tudu cewa kwararon nan ciki yake kai mutum, ba ƙasa ba, kuma can gaba kaɗan ƙarfinsa ke ƙarewa. Kada su yi kokawa da shi. Su kwanta rigingine su ɗaga hannu ɗaya, in da ƙarfi su yi iyo a gicciye, su bi tsawon gaba har su fita daga jan, sannan su nufo tudu.

Da an fito da yaro, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a kira sunansa. Kada a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, kada a danna masa ciki don ruwa ya fito. Wannan al'adar lokaci take ci, tana kuma turo abin da ke cikinsa ya shige huhu. A ɗan ɗaga haɓarsa, a duba ƙirji daƙiƙa 10. In ba ya numfashi, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, kowace har ƙirji ya ɗaga. Jariri kuwa a haɗa bakinsa da hancinsa a hura a hankali. Sai a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Dannawar ta kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, da hannu ɗaya ga yaro, da manyan yatsun hannu biyu ga jariri, sau 100 zuwa 120 a minti. In ya yi amai a juya shi gefe a share bakin a ci gaba. Ba a tsayawa sai ya fara numfashi ko ma'aikatan lafiya sun karɓa. Karanta wannan ba ya maye gurbin koyo da hannu. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge na koyar da shi, kuma ya kamata a ce kowane gida akwai mutum ɗaya da ya iya.

In yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Duk yaron da aka yi wa wannan taimako sai an kai shi asibiti ko ya miƙe yana dariya. Wanda ya ɗan shaƙi ruwa kawai a sa masa ido awa 8, in tari ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi sauri, ko leɓe ya canza launi, ko barci ya yi masa nauyi fiye da kima, a tafi likita a daren, kada a jira safiya. Wanda raƙumi ya buga da ƙasa yana kukan wuya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, a riƙe kansa daidai da jikinsa, kada a ɗauke shi a kafaɗa, kada a kira mai ɗori.

Akwai wata halitta mai kama da hurarriyar leda, shuɗiya ko fara, mai dogayen zare, da ruwa ke jefowa kan yashi. Masu Faransanci na ce mata méduse. Ko ta mutu zarenta na harbi, yara kuma na son ɗauka. In ta taɓa yaro a wanke wurin da ruwan teku, ba ruwan sha ba, kada a murza da yashi ko tsumma, a cire zaren da hantsaki, sannan a tsoma wurin cikin ruwan ɗumi mai ɗan zafi wanda babba ya gwada da hannunsa, minti 20. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti. Yanka kuwa a danne shi da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da sabulu da ruwan sha, kada a zuba yashi ko toka, a kuma duba katin rigakafin yaron saboda cutar sarƙe-haƙora. Ƙugiya in ta shige nama a bar wa likita ya cire. Ƙuna daga garwashi ko yashi a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba.

In an dawo gida

Mataki na huɗu da na bakwai ba na teku kaɗai ba ne. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, don haka ruwan da aka yi a ƙasar Katsina, ko wanda aka sako daga madatsar Jibiya, kan iso nan alhali samanmu garau, yara na wasa a tsakiyar yashi. Inda masu ɗibar yashi suka haƙa, ruwa kan rufe ramin ya yi daidai da sauran wuri, gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa kuma kan rufta da wanda ya tsaya a kai. A tafkin Madarunfa da kududdufan bayan gari laka ce ke riƙe ƙafa, ga tsargiya: yaron da ya fara fitsari da jini bayan ya saba wanka a irin wannan ruwa, a kai fitsarinsa a auna a ba shi magani, kada a ce alamar balaga ce.